Tokar Coci a Tukunyar Rabi

A unguwarmu ta bayan tasha, a Daura, akwai wata gajeriyar katanga tsakanin gidan Malam Zakiyyu da gidan da Callistus mai kayan gyaran mota yake haya. Mazan biyu sun ɗauka katanga ce kawai, wurin jingina a yi hira. Matansu, Rabi da Mgbeke, su suka san aikinta. Duk abin da ɗaya ta ɗora a kan katangar nan, na ɗayar ne, ba sai an yi sallama ko an aiki yaro ba. Kwanon tuwo ya haura, kwanon doya ya dawo. Tun kafin a haifi Fadila ta Rabi da Chidimma ta Mgbeke ake haka, kuma babu mijin da ya taɓa tambayar ta ina abincin maƙwabta yake shigowa. Namiji in dai ya ga kwano a gabansa, bincike ya ƙare.

A daminar da aka ƙaddamar da shari'a a jiharmu, Ibo da yawa suka kulle ɗakunansu da shagunansu suka tafi gida. A unguwarmu ko harara ba a yi wa kowa ba, amma sun ji abin da ya faru a Kaduna, kuma in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ba mai ganin laifinka don ka shafa wa naka ruwa. Suka bar makullai a hannun masu gidajen, suka ce sai sun ga yadda hali ya yi. Har rani ya shigo ba su dawo ba.

'Yan kaɗan da suka rage su ma zaman ɗar-ɗar suke yi. Collins mai shagon kayan gini, saurayi mai zafin kai, ya riga ya yi magana da direban wata babbar mota da za ta kwashe su gaba ɗaya ranar Alhamis. Mgbeke ta ɗaure kayanta tsaf da sabuwar igiya, tana ɗaurewa tana kuka, don ba ta son tafiya amma ba za ta zauna ita kaɗai ba. Rabi kuwa ta daina kallon wajen katangar, saboda duk sanda ta hango ƙullin kayan nan sai ranta ya ɓaci.

Callistus kaɗai ya tsaya kai da fata. Shi ne mai ja musu addu'a a cocinsu idan Fada, limamin cocin, bai zo daga Katsina ba, don haka ana jin maganarsa. Ya roƙe su su dakata har ranar Laraba, ranar da suke fara azuminsu, a yi ibada, sannan a zauna a yanke shawara. Hujjarsa ɗaya ce, kuma ya maimaita ta har ta gundure su: tun da ya zo garin nan, maƙwabcinsa bai taɓa ɗaukar masa ko tsinke ba.

Ita wannan Larabar tana da al'ada. Kowace shekara, kafin bikin Ista, ana kawo musu ganyen kwakwar manja daga kudu, Fada ya sa masa albarka, kowa ya kai gida ya maƙala a bango ko bayan ƙofa. Idan shekara ta zagayo sai a tattara busassun ganyen, a ƙone, Fada ya shafa wa kowa tokar a goshi don ya tuna daga ƙasa ya fito, ƙasa zai koma. A wannan shekarar Callistus aka damƙa wa ganyen kowa da kowa.

Ranar Talata da sassafe ya zuba su a wani tsohon faranti a tsakar gida ya kunna ashana. Malam Zakiyyu, da ya dawo daga masallaci, ya jingina da katanga yana kallo. Malamin Larabci ne a makarantar Islamiyya, kuma tun da aka fara shari'a aka sa shi a kwamitin agaji na unguwa, aka ba shi koriyar hula da yake ji da ita ƙwarai. Shi kuma Callistus ya taɓa yin makarantar koyon aikin Fada kafin mutuwar mahaifinsa ta jefa shi kasuwa, kuma duk abin da ya koyo can ya zube sai Latin. In suka haɗu, sai mai haƙuri.

"Oga Kalis, yau kuma me ake ƙonawa?"

"*Uro*," in ji Callistus, yana juya ganyen da tsinke. "*Uro, urere, ussi, ustum.* Malam, wannan kalmar ta ja mini bulala. In ka ce *uro*, to kai ne mai ƙonawa, kuma dole ka faɗi abin da kake ƙonawa, ba ta tsayawa ita kaɗai. Amma shi ganyen, in da zai yi magana, *ardeo* zai ce, wato ina ci da wuta. Wannan ba ta buƙatar kowa."

"Ai mu ma muna da shi," in ji Malam Zakiyyu, ya gyara tsayuwa. "*Haraƙa*, ya ƙona wani abu. *Ihtaraƙa*, abin ya ƙone. Ɗaya mai ƙetarewa, ɗaya mai zama wurinsa. Ashe Rumawan nan sun yi karatu."

"Akwai ta uku, *cremo*. Ita ce ƙonewa ƙurmus, har ya zama toka. Da ita suke faɗin ƙona gawa da hadaya."

"Ƙona gawa kuma? To nan muka raba hanya."

Haka suka yi ta yi har wutar ta mutu. Dami guda na ganye ya koma toka cikin ɗan kwano, mai laushi, baƙi-baƙi. Callistus ya duba inda zai ajiye ta ta huce, ya ga kaji suna yawo, ya ga Mgbeke tana can ɗaki da ƙullin kayanta. Sai ya ɗaga kwanon ya ɗora a kan katanga, ya rufe da murfi, ya wanke hannu ya tafi shago. Malam Zakiyyu yana tsaye ya ga an ɗora, ya ma gyara masa murfin, sannan ya shige ya ɗauki littattafansa.

Jiya-jiyan nan Rabi ta yi wa Mgbeke ƙorafin tokar miyarta ta ƙare, ga Malam ya dame ta da kwaɗayin karkashi irin wanda ake yi da ruwan toka maimakon kanwa. Da ta fito shanya ta ga kwano a kan katanga, ta buɗe ta ga toka mai kyau, an tace ba ko tsakuwa, sai hawaye ya zubo mata. Ta ce a ranta, baiwar Allah, tana shirin barin gari amma ba ta manta da ni ba. Ta juye tokar a matata, ta zuba ruwa, ta tari ruwan, ta zubar da tukar a kwata. Ta yi miyar da ba ta taɓa yin irinta ba, don ta ɗauka ita ce ta bankwana, har da busasshen kifin da take ɓoyo. Da azahar ta zuba wa Malam nasa, ta ɗora na maƙwabta a kan katanga.

Callistus ya dawo cin abinci, ya ci tuwon nan ya suɗe kwano, ya ce wa matarsa rabonsa da miya irin wannan ya manta. Sannan ya fita ɗauko tokarsa. Ya ga wayam. Ya duba ƙasa ta wannan gefen, ya leƙa ta wancan.

"Maman Fadila," ya kira, "ko kin ga wani kwano mai murfi a nan?"

Rabi ta fito da fara'arta, da kwanon a hannu, ta wanke shi tas. "Ga shi nan, Baban Chidi. A ce wa Maman Chidi na gode. Toka ce ta gaske, ka ji yadda ta fito da miyar?"

Callistus ya kalli kwanon, ya kalli Rabi, ya nemi turmi ya zauna. Mgbeke da ta fito ta ji ƙarshen maganar ta ɗora hannu biyu a ka. Malam Zakiyyu ya fito daga ɗaki yana sakace, ya tambayi ko lafiya. Da aka warware masa zancen, sai ya cire tsinken daga baki a hankali ya dafa cikinsa. Malmala biyu ya ci ɗazu, har ya nemi ƙarin miya.

Ya shiga lissafin hukuncin abin, ɗan kwamitin shari'a guda da tokar coci a cikinsa. Can ya ce toka dai toka ce, ba najasa ba ce, kuma Allah ba ya kama bawa da kuskure. Su kuwa ba hukuncin ne ya dame su ba.

"Ta faru ta ƙare, an yi wa mai dami ɗaya sata," in ji Callistus. "Kafin magariba Collins zai zo karɓa ya kai coci. Me zan ce masa? In ce maƙwabtana sun ɗauke sun dafa? Ba zai ji kuskure ba, Malam. Cewa zai yi da gangan aka yi, don a wulaƙanta mu. Kafin gobe kowa ya ji. Ni da na ce ba a taɓa ɗaukar mini tsinke ba."

"Su ma namu ba za su ji kuskure ba," in ji Malam Zakiyyu. "Cewa za a yi da gangan kuka ciyar da mu tokar cocinku."

Rabi kunya ta kama ta kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta ce, "To ga kaba nan dami-dami a kasuwa, ga ganyen dabino. A ƙone mana. Wa zai bambance?"

"Ni zan bambance," in ji Callistus. "Ba zan miƙa wa Fada ƙarya ya shafa wa mutane a goshi ba. Sai ganyen da aka sa wa albarka bara. Kuma duk na ƙone."

Mgbeke ta juya ta shiga ɗaki. Jim kaɗan aka ji tana jan ƙullin kaya zuwa bakin ƙofa. Wannan ƙarar ce ta mayar da kunyar Rabi ta koma fushi. Haushin kanta take ji, da haushin mazan nan biyu da suka tsaya tun safe suna rarrabe wane ne mai ƙonawa wane ne mai ƙonewa, ba wanda ya iya buɗe baki ya ce, mata, wannan kwanon ba na taɓawa ba ne. Ta zauna a bakin murhu tana huci. Tana nan zaune wani abu ya faɗo mata.

Watan jiya ta je bikin suna a gidan Hajiya Nana, aka shimfiɗa musu tabarma a gindin tagar wani ɗaki da ke kulle, na wani ɗan haya da ya tafi. Ta cikin gilashin ta hango wani busasshen ganye da aka ƙulla, maƙale a bango. A lokacin ba ta kawo komai ba.

Ta miƙe ta koma katanga. "Baban Chidi, waɗanda suka tafi da damina, sun karɓi ganyen nan bara?"

"Sun karɓa. Ai lokacin duk muna nan."

"Da za su tafi, wa zai tsaya cire ganye daga bango?"

Callistus ya ɗago kai a hankali.

"Nasu zai yi?" ta tambaya.

"Zai yi. Da suna nan ma, ni za su kawo wa." Sai fuskarsa ta sake faɗuwa. "Amma ɗakunan a kulle suke. Wane mai gida ne zai buɗe mini ɗakin wani?"

Rabi ta juya ta kalli mijinta. "Malam, ina hular nan taka?"

Haka suka fito su huɗu bayan azahar, Malam Zakiyyu a gaba da koriyar hula a matsayin shaida, Callistus a gefensa a matsayin ɗan'uwan masu ɗaki, matan biyu a baya. Su matan su ne masu shiga cikin gida su yi bayani, mazan su jira a zaure.

Hajiya Nana ta ji labarin ta yi dariya har ta share hawaye, ta kwance makulli daga bakin zaninta. Ɗakin yana nan yadda mai shi ya bar shi, sai dai ta lulluɓe masa katifa da tsohon zani. Ta nuna ganyen da haɓa, ba ta yarda ta matsa kusa ba.

"Ni na ɗauka layarsa ce," ta ce. "Layar wani kuwa ba a taɓa ta."

Daga nan ba su ƙara wahalar bayani ba, don zancen ya riga su ta kan katangu. Gida na gaba sun tarar matar gidan tana jiransu da makulli a hannu. Hussaini direba, wanda wani mai shagon magani ya bar wa ajiyar motarsa, ya biyo su da kansa ya ce akwai irin abin nan rataye a madubi, su zo su cire. Wata amarya ta ce nata maƙwabcin a Sandamu yake da shago, ta tura ƙaninta a kan babur. Mgbeke tana karɓar ganyen ɗaya bayan ɗaya tana sawa a ɗankwali, tana faɗin sunan mai kowanne a hankali. Amma ganye ɗai-ɗai ne, kuma wanda ya ga yadda dami ya koma ɗan kwano ya san wannan ko cokali ba zai cika ba.

Inda ganyen yake da yawa shi ne dogon gidan hayar Alhaji Nagoggo, wanda kusan duk Ibo ne a ciki kafin su tafi. Alhaji Nagoggo dillalin raguna ne, mutum mai taurin kai da ba a taɓa jin ya canja magana ba. Ga Babbar Sallah ta matso, yana can kara, kasuwar dabbobi, cikin raguna, ba ya son a ɓata masa lokaci. Da aka kira shi ya zo yana karkaɗe babbar riga, ya saurari Malam Zakiyyu da Callistus, waɗanda suka yi ta kewaye-kewaye suna cewa an sami wani ɗan akasi.

"Ba zan buɗe ba," ya ce. "Amana aka ba ni. Wanda ya ba ni makulli shi zan ba."

"Alhaji, ai ni shaida ne," in ji Malam Zakiyyu, ya taɓa hularsa.

"Hula ba ta buɗe ƙofata. Wane irin akasi ne da ba shi da suna?"

Ya juya zai tafi. Rabi ta fito daga bayan Mgbeke ta durƙusa.

"Alhaji, ni ce akasin. Tokar ibadarsu aka ajiye, na ɗauka kyauta ce, na yi miyar karkashi da ita. In ba a sami wata ba kafin gobe, mutanen nan za su ce da gangan muka yi, su bar garin nan ranar Alhamis, kuma ni ce sila. Wannan matar," ta kama hannun Mgbeke, "ita ta riƙe ni ranar da na haifi Fadila. Ba zan iya kallon ta tafi saboda tukunyata ba."

Alhaji Nagoggo ya tsaya. Ya kalli Malam Zakiyyu daga hula har takalmi. "Kai ma ka ci?"

Malam Zakiyyu ya sunkuyar da kai.

Alhaji bai yi dariya ba, amma gemunsa ya yi rawa. Ya ce wannan magana ce, tunda an faɗi gaskiya. Ya gindaya sharaɗi: shi zai buɗe da hannunsa, Callistus kaɗai zai shiga, ganye kaɗai zai fito da shi, Malam yana kallo daga bakin ƙofa. Ya aika aka ɗauko tarin makullai.

Sun buɗe ɗaki na farko da na biyu ke nan, mutanen unguwa sun taru suna kallo, sai ga Collins ya shigo layin da wasu 'yan'uwansa. An je an gaya masa an ga ɗan kwamitin shari'a da taron jama'a suna buɗe ɗakunan Ibo. Ƙofar da Alhaji yake tsaye a gabanta a lokacin kuwa ta ɗakin wan Collins ce.

"An fara ke nan," in ji Collins da ƙarfi, yana haki. "Na faɗa muku. Tun ba mu tafi ba an fara rabon kayanmu. Kai kuma, Callistus, kai ne ɗan jagora?"

Wasu samarin unguwa suka fara matsowa, don ba su ji daɗin kalmar rabo ba. Mgbeke ta damƙe hannun Rabi har ta ji zafi. Gaskiya a wannan lokacin kowa ya tsorata, don irin wannan ƙaramar magana ce take ƙone gari.

Alhaji Nagoggo ya ɗaga wa samarin hannu suka tsaya. Ya zare makulli ɗaya daga cikin tarin ya miƙa wa Collins.

"Kai ne ƙanin mai ɗakin nan? To ka fi ni iko da shi. Buɗe."

Collins ya fizgi makullin ya buɗe, ya tura ƙofar da ƙafa. Ya tsaya a bakin ƙofa bai shiga ba. An ɗora gadon wansa a kan bulo, an tattara akwatuna da rediyo da keken ɗinkin matarsa a kai, an rufe da babbar leda an danne. A gindin bango an barbaɗa maganin gara. Da ya ɗaga kai sai ya ga sabon kwano fari tas a inda rufin ya saba yoyo, yoyon da wansa ya yi shekaru yana mita a kai.

"Ruwan ƙarshen damina ne ya shigo," in ji Alhaji. "Na kira mai unguwa ya tsaya, muka shiga muka gyara. Duba da kyau, in akwai abin da ya ɓata ka faɗa a gaban jama'a."

Collins ya shiga. Ya ɗaga ledar, ya taɓa keken ɗinkin, ya buɗe akwati ya rufe. Takalman 'yar wansa suna nan a jere a kan taga, an kife su don kada kunama ta shiga. Ya daɗe yana kallonsu. Da ya juyo, idonsa ya yi ja, ya tambayi Callistus da harshensu abin da ake nema. Callistus ya nuna masa bayan ƙofa. Collins ya miƙa hannu ya ciro ganyen da kansa, ya fito da shi.

"To ina tokar da ka ƙona da safe?" ya tambaya da Hausa.

Callistus ya gaya masa duka, bai rage komai ba, a gaban kowa.

Collins ya kalli Rabi, ya kalli Callistus. "Ka ci?"

"Na suɗe kwano."

Ya juya ga mai koriyar hula. "Malam, kai fa?"

"Har da ƙari," in ji Malam Zakiyyu, cikin muryar mai karɓar ƙaddara.

Alhaji Nagoggo ne ya fara fashewa, wanda tun da muke ba mu taɓa ganin haƙoransa ba. Daga nan layin gaba ɗaya ya ɗauka, har samarin da suka matso ɗazu, har Collins, wanda ya jingina da bango yana dariya hawaye na zuba, ba ka iya cewa na wanne ne. Sauran ɗakunan shi ya riƙa bin Alhaji yana riƙe masa makullai. Kowane ɗaki aka buɗe sai 'yan'uwansa su leƙa su ga kaya suna nan yadda aka bar su.

Kafin magariba ɗankwalin Mgbeke ya cika har ya ƙi ƙulluwa, ga na Sandamu ya iso, har da wani daga Dutsi da ba wanda ya aika a ɗauko. Aka ƙone a ƙofar gidan Callistus, rabin unguwa na tsaye. Tokar ta fi ta safe yawa. Collins ya rungume kwanon a ƙirji ya tafi da shi coci, ba wanda ya yarda a ajiye shi ko'ina.

Abin da aka yi a cocin ranar Laraba daga bakin Mgbeke muka ji. Bayan Fada ya shafa musu toka aka zauna shawara, Callistus ya miƙe zai fara doguwar hujjarsa, sai Collins ya riga shi. Ya ce shi dai ya sallami direban mota, wanda yake son tafiya ya nemi tasa. Ya ce kuma ya ba direban saƙo ya kai wa wansa, cewa ɗakinsa ya daina yoyo, ya dawo. Ba a ƙara wata magana mai tsawo ba.

Da hantsi suka buɗe shagunansu, kowa da baƙin tabo a goshi. A shekarun baya mutanenmu kan ce musu, Oga, ka shafo gawayi, goge. Ran nan ba wanda ya ce a goge. Alhaji Nagoggo ya biyo ta gaban shagon Collins da ragunansa, ya tsaya ya ƙare wa goshinsa kallo, ya juya ya ce wa masu kora masa, da alfahari kamar ya sayar da rago mafi tsada a kara, "Kun ga waccan? Daga gidana ta fito."

Rabi ba ta je kasuwa ba. Tun safe tana tsakar gida, ta share inda ta riga ta share, kunnenta na ƙofar maƙwabta. Can ta ji an buɗe, ta ji takun da ta sani. Mgbeke ta leƙo, da tokarta a goshi, tana ƙoƙarin ɗaure fuska ta kasa.

"Maman Fadila, in kin gama sharar, zo ki taya ni kwance kaya. Na ɗaure su da yawa, ƙullin ya ƙi kwantuwa."

Rabi ta jefar da tsintsiya. Ta shiga madafa ta ɗauko wuƙar yanka kuɓewa, ta zagaya ta shiga ɗakin Mgbeke. Ba ta ko nemi bakin ƙullin ba. Ta sa wuƙa ta datse igiyar, ta ja ta, ta sake datsewa, ta yi ta yanka ta guntu-guntu har ba abin da za a iya ɗaurewa da ita.

"Sabuwar igiya ce fa," in ji Mgbeke.

"Na sani," in ji Rabi, ta jawo ƙulli na gaba.